Matambayi Ba Ya Ɓata: Kiribi, Inda Ƙasa Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Wannan watan wasiƙu biyar suka faɗo kan gari ɗaya kamar an haɗa baki, shi ya sa na ajiye sauran tambayoyi na ce bari mu yi wa Kiribi zama na musamman. Garin ba baƙona ba ne. Na yi shekara biyu da 'yan watanni a can lokacin da ake binne bututun man Cadi, ina riƙe da makullin sito na wani ɗan kwangila mai ciyar da ma'aikata. Tun daga nan kuma ban taɓa haɗa shekara uku ban leƙa ba.

Tambaya daga wani matashi a Garwa: Baba, ni acaɓa nake yi. Yayana ya kira ni daga Kiribi ya ce in sayar da babur in taho, wai can aiki ne ke neman mutane. Mahaifiyarmu ta ce ba za ta sa mini albarka in tafi garin da ba ta san gabas da yammansa ba. A ina Kiribi take, wace irin ƙasa ce, kuma in bi shawarar yayana?

Amsa: Ɗana, ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ga gabas da yamman. Kiribi tana can kudancin Kamaru, a bakin Tekun Atalantika, daidai inda wani kogi mai suna Kiyenke yake juye ruwansa cikin teku. Daga Garwa za ka hau mota zuwa Ngaundare, wajen kilomita 280 da hawan dutsen nan da ake kira Falez a tsakani. Ka kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kilomita 622. Sannan ka sake shiga bas, ku yi yamma har Edeya, ku karya kudu. Duka-duka kusan kilomita 1,200 ke nan, tafiyar kwana biyu in Allah ya tsare.

Ta fuskar mulki kuwa, yadda Garwa take hedikwatar gundumar Benuwe, haka Kiribi take hedikwatar gundumar Oseyan, wato "teku" da Faransanci. Tana ƙarƙashin Yankin Kudu, gwamnansu yana zaune a Ebolowa. Gundumar na da ƙananan hukumomi 9, har da Lolodorf da Bipindi da Niyete da Kampo mai iyaka da Ikwatoriyal Gini, garin Kiribi kansa kuma an raba shi biyu kamar yadda aka raba Garwa uku. Faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 11,000, amma a ƙidayar 2005 mutanen cikinta gaba ɗaya ba su cika 180,000 ba. Birnin Garwa shi kaɗai ya fi su yawa a lokacin. Abin da ya cinye sauran filin daji ne, dajin da in ka shiga da rana tsaka sai ka ɗauka magariba ta yi.

Daren da na fara isa, ban ga komai ba, ji kawai na yi. Wani ruri ne kamar tireloli na wucewa a jere ba su ƙarewa. Na yi juyi na yi juyi, da asuba na tambayi mai gidan da na sauka wane inji ne wannan da ba a kashewa. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gida. Ni da na tashi a bakin Binuwai, na saba ko a watan Agusta in ka tsaya wannan gaɓa kana hangen waccan. Wannan ruwan ba shi da waccan gaɓa. Na cire takalmi na ajiye kan yashi, na yi 'yar tafiya ina tsintar kwanson dodon koɗi kamar yaro, kafin in dawo teku ya hau ya tafi da takalman. Ranar na san cewa ruwan can yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana, ba tare da an yi ko yayyafi ba.

Yayyafin ma ba irin namu ba ne. A shekara suna samun ruwan sama kusan milimita 3,000, mu a Garwa muna fama da wajen 1,000. Daminarsu biyu: ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba kuma wajen Satumba da Oktoba. Babu hunturu, babu zafin Afrilu mai narka kwalta, amma akwai laima mai manne wa jiki. Ka wanke riga ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Gishiri ya zama ruwa cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Iskar teku kuma gishiri ce, ƙarfe take ci. Kai mai babur ka riƙe wannan.

To, maganar aiki. Abin da yayanka ya gani gaskiya ne, gari na ginuwa. An yi sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi a Mboro, kilomita 35 kudu da gari, ta fara aiki a Maris 2018. Amma tashar zamani ba irin tashar kwalekwale ba ce da za a ce ƙarti su zo su sauke buhuna. Injin ɗaga kaya guda ɗaya yana yin aikin mutum ɗari, kuma wanda zai hau shi sai mai takarda. Aikin da ke neman irinmu shi ne wanda ka sani: gadi, leburancin gini, shayi, tsire, da acaɓar da kake yi, wadda su can suke kira bensikin. Kuɗin hayar ɗaki kuma ya tashi tun da baƙi suka cika garin.

Shawarata: kar ka sayar da babur. Ka ba amintacce ya riƙa ja yana kai wa mahaifiyarka kuɗin yini. Ka tafi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya yi sauƙi baƙi 'yan shan iska suka yi yawa, ka yi wata uku ka gani da idonka. Katin shaidarka ya zauna a aljihun gaba, domin shingayen jandarma ba su ƙirguwa. Kafin ka tashi kuma ka kira yayanka ka yi masa tambaya uku: wane aiki ne takamaimai, wa zai biya, a ina zan kwana? In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Tambaya daga wani direban tirela a Mundu ta ƙasar Cadi: Malam, tun ina yaron mota nake jin cewa man Doba Kiribi yake tafiya. Ban taɓa ganin tankar da ta ɗauke shi ba. Ta ina yake bi? Kuma mutanen Kiribi su ne ke shan daɗinsa ko?

Amsa: Direba, ba za ka ga tanka ba, domin ƙarƙashin tayarka yake wucewa. Bututu ne na ƙarfe, faɗin bakinsa inci 30, an binne shi kamar mita ɗaya cikin ƙasa, tsawonsa kilomita 1,070. Ya taso daga Kome kusa da Doba, ya yi kamar kilomita 180 cikin Cadi, ragowar duk cikin Kamaru. Ya shigo ta wajen Tuboro, ya bi gefen Meganga da Belabo, ya raɓa Yawunde, ya gangara ta Lolodorf da Bipindi. Injinan tura man suna wuri uku: Kome, Domta da Belabo. An fara aikin a 2000, mai ya fara gudu a 2003. Kamfanonin ExxonMobil da Petronas da Chevron ne suka yi shi, Bankin Duniya ya tsaya musu.

Da ya iso bakin teku ma bai tsaya ba. Ya nutse ƙarƙashin ruwa ya yi kamar kilomita 11, ya shiga wani ƙaton jirgi da aka ɗaure wuri ɗaya ya zama rumbu, sunansa Kome Kiribi 1. A jikinsa jiragen ƙasashen waje ke ɗura su tafi. Da dare in sama ta washe, kana hangen fitilunsa can nesa kamar wani ƙauye ya zauna kan ruwa. Iyakar abin da ɗan Kiribi ke gani na man Cadi ke nan. Bai taɓa jin ko warinsa ba.

Kamaru tana karɓar kuɗin wucewa kan kowace ganga. Da farko santi 41 na dalar Amurka ne, a 2013 aka ɗaga shi zuwa dala 1 da santi 30. Kuɗin baitulmalin Yawunde yake shiga, ba asusun magajin garin Kiribi ba. Masunta na ƙauyen Ebome kuwa, inda bututun ya shiga teku, sun daɗe suna kukan cewa an fasa wani dutsen cikin ruwa da kifi ke taruwa a jikinsa. Mutanen daji da ake kira Bagyeli, waɗanda farauta da zuma ne rayuwarsu, bututun ta cikin dajinsu ya ratsa. An keɓe gandun dajin Kampo Ma'an a 2000 a matsayin ramuwa ga dajin da aka sare, sai ga shi gandun ma ya taƙaita musu farauta.

A ɓangarenku kun fi ni sanin labarin. Dokar Cadi ta 1999 ta ce a ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man don 'ya'ya da jikoki, kashi 5 don yankin da ake haƙo man. A ƙarshen 2005 aka soke asusun jikokin, a 2008 Bankin Duniya ya tattara nasa ya fita. A 2023 gwamnatin Cadi ta mayar da kason da ExxonMobil ya sayar mallakin ƙasa. Ni dai abin da na lura da shi, mutumin Doba da mutumin Kiribi kamar masu riƙe da bakin igiya biyu ne, guga kuma a hannun wani yake.

Tunda muna maganar abin da ke wuce mutum: akwai tashar lantarki mai aiki da iskar gas kusa da Kiribi, tun 2013, megawat 216. Madatsar Lagdo da duk arewa ta dogara da ita tun 1982 megawat 72 ce. Ninki uku cif. Amma layin wutar kudu daban, na arewa daban, aikin haɗa su ne ake ta yi. Fetur ɗin da kake sha kuma ba na Kiribi ba ne, ɗanye ne ke fita ta can. Naku daga matatar Jarmaya yake zuwa tun 2011, mu kuma tun da matatar Limbe ta ƙone a 2019 sai shigowa da shi, in ban da fetur ɗin sumoga da ake kira zuwa-zuwa, mai tsallako iyaka cikin jarkoki.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Marwa: Ranka ya daɗe, ina koyar da tarihi. Littafinmu ya ambaci Kiribi a layi biyu kawai, wai tashar Jamusawa ce. Yara suna tambaya ta me ya haɗa mu da ita. Me zan ce musu?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sani. Ka fara musu da Marwa, za su miƙe zaune. Hafsan Jamus da ya ci Marwa da yaƙi a Janairun 1902, ya tarwatsa rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola, sunansa Hans Dominik. Da ya mutu a 1910, Jamusawa 'yan kasuwa suka kafa masa mutum-mutumi a 1912. A ina? A Kiribi. Bindigar da ta yi ɓarna a ƙofar garinku da kuɗin da aka tara a bakin tekun can duk gida ɗaya suka fito.

Masu garin na asali su ne Batanga, mutanen teku, da Mabi maƙwabtansu. Tun kafin Jamus ta kafa tutarta a Kamaru a 1884, Batanga su ne dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin daji. Hauren giwa ya fito daga ciki ya bi hannu-hannu har ya iso gare su, su kuma su miƙa gishiri da yadi da bindiga da barasa. Irin matsayin da fatakenmu suka riƙe tsakanin daji da Sahara ke nan, kuma kamar kowane dillali, ba sa son mai saye da mai sayarwa su ga juna. Jamusawa suka zo da niyyar tsallake su. Daga Babbar Batanga, kudu kaɗan da Kiribi, ayarin hafsoshin Jamus Kund da Tappenbeck ya tashi a 1887 ya kutsa daji, abin da ya kai ga kafa sansanin Yawunde a 1889. Ka ga babban birnin ƙasarmu ta wannan gaɓa aka shige shi.

Sai zamanin danƙo. Turai na neman roba ido rufe, dajin kudu kuma cike yake da itacenta. Hanyar ƙafa daga Kiribi zuwa Lolodorf zuwa Yawunde ta zama jijiyar ciniki. Babu jaki, babu raƙumi, ƙudan tsando ba ya barin dabba, saboda haka kan mutum ne abin hawan kaya. Dubban 'yan alaro, maza da mata, da yawa dole aka yi musu, suna tafiyar makonni da kaya a ka. Fatake Hausawa ma sun gangaro kudu a wannan zamani suna sayen danƙo da haure da goro, wasu kuma suka shiga sojan Jamus. Unguwannin Hausawa da ke garuruwan kudu yau da yawansu daga nan suka samo tushe. Ka faɗa wa yara wannan yadda yake, da mai daɗin da marar daɗin.

Mutanen ƙasa ba su kwanta an taka su ba. A Satumbar 1899 'yan ƙabilar Bulu suka gangaro daga daji suka auka wa Kiribi, suka yi kwanaki suna yaƙi, har gidan mishan na Katolika da aka kafa a 1891 bai tsira ba. Jamusawa suka rama da mugun hannu. A 1906 suka gina hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa jagora a bakin Kiyenke. Tana nan tsaye har yau, fara da jan kai, ba ta fi hasumiyar masallacin unguwa tsawo ba. Na sha zama a gindinta da la'asar ina kallon kwalekwale na shigowa.

Shekarar 1914 ita ce baƙar shekara. Yaƙin duniya na farko ya tashi, Jamusawa suka fara zargin kowa. A ranar 8 ga Agusta suka rataye sarkin Duwala Rudolf Duala Manga Bell a Duwala, suka harbe wani jagoran Bulu, Martin-Paul Samba, a Ebolowa. Sarkin Batanga, Madola, shi ma suka kashe shi bisa zargin yana hulɗa da jiragen abokan gaba. Da yaƙi ya ci gaɓar, aka kwashe Batanga cikin jirage aka kai su wajen gindin Dutsen Kamaru, inda da yawa suka mutu. Waɗanda suka rayu sun dawo a 1916, shekarar da Jamusawan ƙarshe suka miƙa wuya a kan dutsen Mora, nan kusa da ku. Har yanzu kowace 9 ga Mayu Batanga suna bikin dawowar, suna kiransa Mayi. Na halarta sau biyu. Gari duka ya fito da kaya iri ɗaya, ana waƙa ana tafiya har bakin ruwa, sannan a faɗa teku da tufafin. Na tambayi tsohon da na zauna gidansa me ya sa. Ya ce kakarsa ta cikin ruwan nan aka tafi da ita, ta cikinsa kuma ta dawo.

Bayan haka garin ya yi barci. Farashin roba ya riga ya faɗi tun 1913, sannan Faransawa suka kai dogo daga Duwala zuwa Yawunde a 1927, kaya suka canza hanya. Kiribi ta koma garin su da fitar da gungumen katako da 'yan hutu. Mu mutanen Garwa mun san wannan ciwo. Muna da tashar jirgin ruwa a Binuwai, da damina jirage na zuwa daga Najeriya su kawo gishiri da siminti su tafi da auduga da gyaɗa. Yaƙin Biyafara, da isowar dogo Ngaundare a 1974, da madatsar Lagdo suka taru suka kashe ta. Yau awaki ke kiwo a wurin.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Kusseri: Alhaji, ina kai albasa da wake Duwala shekara takwas. Ana ce mini Kiribi ta fi riba yanzu. Ɗana kuma yana so ya riƙa shigo da kwantenarsa ta can. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, tambayar biyu ce, bari in fara da ta ɗanki. Tashar Duwala ba a bakin teku take ba, cikin kogin Wuri take, jirgi sai ya bi wata doguwar hanya da kullum ake yashewa, zurfinta bai cika wuce mita 7 ba. Manyan jirage ba sa shiga. A Mboro zurfin ya kai mita 15 zuwa 16. Kamfanin China Harbour ne ya gina ta da bashin bankin Exim na Sin, aka aza tubali a 2011, aka buɗe kashi na biyu a 2025. An kuma shimfiɗa babbar hanya ta kilomita 38 daga Kiribi zuwa Lolabe kusa da tashar. Cikin ruwa dai Kiribi ta yi wa Duwala fintinkau. A tudu ne matsalar take. Dogo bai kai can ba, duk kwantena sai ta hau tirela ta bi titin Edeya, titin da aka yi don motocin 'yan hutu. Ɗanki ya zauna da mai fitar masa da kaya a kwastan, su lissafa kwanakin jira da kuɗin mota har gadar Ngeli da ke tsakanin Kusseri da Cadi, su kwatanta. Kar ya yanke hukunci da zurfin ruwa kaɗai.

Albasa kuwa, bari in ba ki labarin kaina. Wata shekara, ƙarshen Afrilu, na ga albasa ta yi arha a Marwa, na haɗa buhu arba'in na ce Kiribi zan kai, tunda na san gari. Motar ta lalace bayan Edeya. Muka kwana uku a gefen titi, ruwa na zuba, direba ya rufe kaya ruf da tamfol. Da muka buɗe, tururi ne ya fara fitowa. Na zauna bayan kasuwa da yara biyu muna tsince mai rai daga matacciya, ƙuda kamar an yi shela. Abin da na tsira da shi bai cika buhu goma sha biyar ba, su ma sai da na karya farashi, domin kasuwar ba ta da cikin da za ta haɗiye su a mako ɗaya. Duwala miliyoyin baki ne. Kiribi gari ne matsakaici da otal-otal masu cika Asabar da Lahadi su wofinta ran Litinin.

Saboda haka kar ki bar Duwala. Ki gutsuri buhu biyar ko goma daga abin da kika sauke can, ki tura wa wani amintacce a Kiribi, tafiyar awa uku ce. Wake da gyaɗa sun fi jure laima, amma su ma a ɗora su kan katako, kar su taɓa siminti. Masu saye na dindindin su ne matan da ke gasa kifi a bakin mashigar masunta, da ma'aikatan gonakin roba na Hevecam a Niyete da na kwakwar manja na Socapalm, waɗanda ke sayayya idan an yi albashi. Ki san ranar albashinsu kamar yadda kika san ranar kasuwar garinku.

Tambaya daga wani almajiri a Ngaundare: Malam, za mu je ziyara Kiribi da 'yan makarantarmu. Ana alwala da ruwan teku? Kuma jatan landen da ake yayi a can ya halatta?

Amsa: Ɗan malam, ni ba mai fatawa ba ne, ka tabbatar wajen malaminka. Amma hadisin sananne ne: da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya jatan lande da ƙaguwa duk sun shiga ciki. Sai dai ka kurkure baki a hankali, gishirin ba na wasa ba ne, kuma in kana da tsagewa a dunduniya za ka san ka taka ruwa.

Ku je magangarar ruwa ta Lobe, kilomita 7 kudu da gari, inda kogi guda yake faɗowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. A nan mata ke kama jatan landen da 'yan kwanduna na saƙa, su soya shi da tafarnuwa. Ana ci da wani rogo da aka niƙa aka naɗe cikin ganye kamar sanda. Warinsa zai kore ka ranar farko, rana ta uku kai za ka nema. Ka gaya wa abokanka sunan ƙasarmu ma daga jatan landen nan ya fito: Turawan Fotugal da suka shiga kogin Wuri a 1472 sun tarar da shi birjik, suka kira wurin kogin kamaroyis.

Ku yi cinikin kwalekwale kafin ku shiga, ba bayan kun fito ba. Wanda ya iya iyo a kogin Bina ko Binuwai kar ya ɗauka ya iya na teku, ruwan yana ja ta ƙasa. Takalma kuma a ajiye su can sama, gindin kwakwa.